Koya wa na'ura Larabci: wane Larabcin, kuma daga bakin wa?

A shekarar 2023 wasu masu bincike a jami'ar Georgia Tech da ke Amurka, cikinsu har da Tarek Naous, suka yi wani ɗan gwaji. Suka rubuta jimla da Larabci suka bar ƙarshenta a buɗe: "Bayan sallar Magariba zan tafi da abokai mu sha…" Sannan suka miƙa ta ga manyan manhajojin harshe, irin waɗanda ake gina ChatGPT da 'yan uwanta a kansu, don su ƙarasa. Duk wanda ya taɓa zama a Alƙahira ko Jidda ko Khartum ya san abin da ake sha a wannan lokaci: shayi, gahawa, ko zoɓo. Amma cikin amsoshin da manhajojin suka bayar har da giya da wuski. Nahawun jimlar bai karye ba, harafi bai kauce ba. Abin da ya ɓace shi ne sanin mutanen da ke furta irin wannan magana. Binciken ya nuna cewa hatta manhajojin da aka horar da Larabci zalla suna da wannan karkata zuwa al'adun Turawa, kuma idan aka ce su ƙaga labari a kan mutum mai sunan Larabawa, sun fi saurin haɗa shi da talauci fiye da mai sunan Bature.

Larabci ba ƙaramin harshe ba ne. Masu magana da shi sun kai kimanin miliyan 400, shi ne harshen ƙasashe 22 na Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, kuma tun 1973 yake cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Yana da rubutacciyar taska ta sama da ƙarni goma sha huɗu. To ina aka samu matsala, kuma me masu gyara ke yi a kai? Aikin hawa-hawa ne. Hawan farko kuɗi da injuna na iya magance shi. Amma da an nutsa ciki, sai a tarar abin da ake bukata mutane ne waɗanda suka san harshen tun daga nonon uwa, kuma a nan ne aikin ya fi tafiyar hawainiya.

Sai an fara sanin yadda na'urar ke koyo. Babbar manhajar harshe ba ta da ƙamus a cikinta, ba a kuma karantar da ita Ajurrumiyya ba. Ana zuba mata rubutu ne mai tarin yawa, ana ɓoye mata abin da ke gaba, ana cewa ta cinka. Ta cinka, a nuna mata daidai, ta gyara lissafinta kaɗan, a sake. Bayan an yi haka sau biliyoyi, sai ta ƙware wajen sanin abin da ya fi dacewa ya biyo bayan kowace magana. Ke nan abin da ta ci shi za ta amayar. Kuma abin da aka ciyar da manhajojin farko Turanci ne kusan zalla. Kamfanin OpenAI ya bayyana cewa kimanin kashi 93 cikin 100 na kalmomin da aka horar da GPT-3 da su Turanci ne. Na Llama 2, wadda kamfanin Meta ya fitar a 2023, kusan kashi 90 ne. A intanet ɗin ma, shafukan da aka rubuta da Larabci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Tun kafin a kai ga ma'ana, matsala na farawa daga harafi. Na'urar ba ta haɗiye kalma ɗungurungum. Akwai wani mayanki da ke daddatsa rubutu zuwa ƙananan gutsattsari, waɗanda masu sana'ar ke kira tokin. Shi ma mayankin koyo yake yi daga rubutu: jerin haruffan da ya saba gani tare, sai ya ɗauke su gutsure ɗaya. Idan Turanci ya cika masa ido, kalmar Turanci gama-gari za ta wuce a gutsure ɗaya, ita kuwa ta Larabci a yi mata gunduwa-gunduwa, sau da yawa harafi-harafi. Ga kuma ƙarin nauyi: a tsarin da kwamfuta ke adana rubutu, harafin boko na Turanci na cin gurbi ɗaya, na Larabci gurbi biyu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma biyu suke ci, don haka wannan ciwon ba baƙonmu ba ne.

Illar ba ta tsaya kan lissafi ba. Kamfanoni na cajin kuɗi ne gwargwadon yawan gutsattsarin da aka yi amfani da su, saboda haka Balarabe zai biya fiye da Bature a kan tambaya iri ɗaya. Amsarsa za ta fi jinkirin fitowa. Sannan manhajar na da iyakar abin da za ta iya riƙewa a kanta lokaci guda, don haka takardar Larabci ta fi saurin cika mata kai. Lokacin da OpenAI ya fitar da GPT-4o a watan Mayun 2024 da sabon mayanki, ya nuna misalin wata jimlar Larabci da a da ke cin gutsure 53 ta koma 26. Rabin kuɗin ke nan ya sauka ba tare da an taɓa komai ba sai wuƙar yankan.

Ko da an wasa wuƙar, ginin kalmar Larabci ya sha bamban da na Turanci. Wanda ya yi karatun sarfu ya san cewa yawancin kalmomi na fitowa ne daga tushe mai baƙaƙe uku. Daga kaf da ta da ba ake samun kataba, ya rubuta, kitab, littafi, katib, marubuci, maktab, ofis, maktaba, ɗakin littattafai, maktub, abin da aka rubuta. Tushen bai zauna a wuri guda a jere ba, yana saƙe ne da wasula da ƙarin haruffa kamar zare a cikin tufa. Mayankin da kawai yake duba haruffan da ke maƙwabtaka ba zai ga wannan dangantaka kai tsaye ba. Sannan Larabci na manna lamirai da ƙananan haruffa a jikin kalma. Dubi fasayakfikahum a aya ta 137 ta Suratul Baƙara. Kalma ɗaya ce a rubuce, amma a cikinta akwai fa, akwai sa mai nuna abin da zai zo, akwai aikatau yakfi, akwai ka, akwai hum. Jimla ce sukutum. Shi ya sa tun 2020, lokacin da masu bincike a Jami'ar Amurka ta Bairut suka fitar da AraBERT, suka fara bi da rubutun ta wata manhaja mai suna Farasa, wadda aka ƙera a Katar, don ta ɓanɓare waɗannan manne-manne kafin a kai ga mayanki.

Sai batun wasali. A makarantar allo yaro kan fara da babbaƙu kafin ya kai farfaru. Balaraben yau kuwa, a jarida da littafi da saƙon waya, babbaƙu kawai yake rubutawa, mai karatu ya sa wasalin da kansa. Haruffa uku, علم, suna iya zama ilm, wato ilimi. Ko alam, tuta. Ko alima, ya sani. Ko allama, ya koyar. Ko ulima, an sani. Mutum na rarrabewa daga abin da ke gaba da baya, kuma manhajar ma haka take koya idan ta ga misalai isassu. Amma a inda kuskuren wasali ɗaya ke mayar da mai aikatawa ya zama wanda aka aikata wa, kamar a Alƙur'ani da waƙa da takardun shari'a, "mafi yawan lokaci daidai" ba ta wadatar ba. A ƙara da rashin daidaito wajen rubutu: wani ya ɗora hamza a kan alif, wani ya bar ta, wani ya rubuta ta marbuɗa da ɗigonta, wani ya mayar da ita ha, Misirawa kan rubuta ya ta ƙarshen kalma ba ɗigo. Ga na'ura, kowane ɗaya daga waɗannan wata kalma ce daban sai an koya mata cewa abu guda ne.

Duk wannan, a ganina, somin-taɓi ne. Babbar tambaya ita ce: wane Larabcin?

Balarabe na rayuwa ne da harshe biyu a baki ɗaya. Akwai fusha, Larabcin littafi da huɗuba da labaran talabijin, wanda ake koya a makaranta kuma ba wanda uwarsa ta yi masa reno da shi. Akwai kuma ammiyya, ko darija a faɗar mutanen Magrib, wato ƙasashen arewa maso yammacin Afirka irin su Maroko da Aljeriya, wadda da ita ake ciniki da faɗa da soyayya da jinya. Masanin harshe Charles Ferguson ya yi fitaccen bayani a kan wannan yanayi tun 1959, kuma Larabci na cikin misalan da ya gina bayaninsa a kansu. Ita ammiyyar ba ɗaya ba ce. "Me kake so?" a Alƙahira ayiz e, a Bairut shu baddak, a Kasablanka ash bghiti, a Khartum dayir shinu. "Yanzu" a Masar dilwa'ti, a Sham halla, a Maroko daba, a Sudan hassa, a ƙasashen Tekun Fasha alhin. Mutumin Bagadaza da na Marrakesh, idan kowa ya saki baki da harshen gidansu, da ƙyar za su fahimci juna. Darijar Magrib cike take da kalmomin Faransanci da na Amazik, har da na Sifaniyanci a arewacin Maroko.

To abin da aka fi rubutawa aka adana fusha ce: jaridu, takardun Majalisar Ɗinkin Duniya, Wikipedia, littattafan addini irin na Maktaba Shamila. Ammiyya kuwa a baki take, sai abin da ya zubo a kafafen sada zumunta, ba ta da ƙa'idar rubutu da kowa ya yarda da ita. Matasa da yawa ma da haruffan boko suke rubuta ta, salon da ake kira Arabizi, inda lamba 3 ke tsayawa a madadin ain, 7 a madadin ha mai kauri, 2 a madadin hamza. Sakamakon shi ne manhajar da za ka yi wa magana da harshen kasuwa ta amsa maka da harshen mai karanta labarai. Ga ɗalibin jami'a wannan ba komai ba ne. Amma ka ɗauki tsohuwa a ƙauyen Sa'id na Masar da ke son ta fahimci yadda za ta sha maganinta, ko manomi a tsaunukan Atlas da bai yi nisa a makaranta ba. Waɗannan su ne suka fi bukatar mai yi musu bayani, kuma su ne na'urar ta fi nisa da harshensu. Wannan ya dame ni fiye da duk wata ƙididdigar gutsattsari.

Neman cike wannan giɓi da gaggawa na da haɗari. Wikipedia ta Larabcin Masar tana da maƙaloli sama da miliyan ɗaya da rabi, fiye da ta fusha. Wanda ya ga adadin zai ce an tsinci dami a kala. Amma masu bincike sun nuna cewa akasarinsu ba mutane ne suka zauna suka rubuta ba, gajerun maƙaloli ne da aka zuba a ƙwarya ɗaya ta hanyar fassarar inji daga Turanci, ana sauya suna da kwanan wata kawai. Manhajar da ta ci wannan ba harshen Misirawa ta koya ba. Aikin da ya fi inganci ya fi cin rai. Cibiyar CAMeL da ke Jami'ar New York reshen Abu Dabi, wadda Nizar Habash ke jagoranta, ta shiga aikin MADAR, inda aka sa 'yan asalin birane 25, daga Rabat zuwa Maskat, suka mayar da jimloli iri ɗaya zuwa harshen garinsu. A Jami'ar British Columbia ta Kanada, ƙungiyar Muhammad Abdul-Mageed ta horar da MARBERT da saƙonnin Twitter biliyan 1 don ta ji harshen titi. Daga baya aka samu manhajoji na yare guda, kamar Atlas-Chat ta darijar Maroko a 2024.

Idan aka zo ga gina babbar manhajar kanta, hanya biyu ce. Ta farko a fara daga tushe. Ita aka bi da Jais, wadda aka sa wa sunan dutse mafi tsawo a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, aka fitar a watan Agustan 2023. Haɗin gwiwa ne tsakanin kamfanin Inception na rukunin G42, da Jami'ar Muhammad bin Zayed ta Ƙirƙirarriyar Basira, da kamfanin Cerebras na Amurka wanda ya ba da injuna. Tana da faramita biliyan 13, wato lambobin da ke cikinta waɗanda ake ta daidaitawa lokacin horo. An horar da ita da gutsure biliyan 395, amma biliyan 116 ne kawai Larabci, sauran Turanci ne da rubutun shirya manhaja. Ko wannan biliyan 116 ɗin sai da aka haɗa da fassara daga Turanci da maimaita wasu rubuce-rubucen kafin ya cika. A dubi wannan da kyau: ƙasa mai arzikin mai, da injuna na gani na faɗa, da niyyar gina manhajar Larabci tun daga tushe, amma Larabcin da ke hannu bai kai kashi ɗaya cikin uku na abincin ba. Masu aikin sun kuma gano cewa Turancin ba cikon buhu ba ne kawai, yana ƙara wa manhajar ƙwarewa a Larabcin ma, domin ilimin lissafi da kimiyya da tsara hujja da ta koya a harshe ɗaya yana tsallakawa ɗayan.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauko manhajar da wani ya riga ya gina ya saki kyauta, a sake mata tarbiyya. Da farko a faɗaɗa mayankinta da gutsattsarin Larabci. A jerin Jais na 2024 da aka ɗora a kan Llama 2, an ƙara gutsure 32,000 na Larabci a kan 32,000 da ta zo da su. Sababbin gutsattsarin baƙi ne a wurinta, don haka akan ba kowanne matsayin farawa daga tsofaffin da ke kusa da shi a ma'ana, a horar da su su kaɗai na ɗan lokaci, sannan a buɗe dukkan manhajar a ci gaba da horo. A nan akwai tarko: idan aka ɗura mata Larabci zalla, sai ta fara mance abin da ta sani a da, lissafinta ya raunana, Turancinta ya lalace. Dole a riƙa gaurayawa, kuma gano ma'aunin gaurayen shi ne rabin sana'ar. Wannan hanya aka bi da AceGPT a 2023, aikin Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha a Saudiyya tare da masu bincike a Shenzhen ta Sin. Ita ma ALLaM, ta hukumar SDAIA ta Saudiyya, ta fara ne da faɗaɗa Llama 2. Fanar, wadda Cibiyar Binciken Kwamfuta ta Katar ta ƙaddamar a watan Disambar 2024, ta haɗa duka biyun: ɗaya daga tushe, ɗaya a kan Gemma ta kamfanin Google. A 2025 cibiyar TII ta Abu Dabi ta fitar da Falcon Arabic, kamfanin Mistral na Faransa ya fitar da Saba.

Hanyar farko ta fi ba da iko a kan abin da ya shiga cikin manhajar, ta biyun ta fi araha nesa ba kusa ba. Ni dai ta biyun ta fi kwanta mini ga duk wanda ba shi da rijiyar mai. Amma tana da tsadarta: wanda ya gaji gida ya gaji tsagar bangonsa. Duk wata karkata da ke cikin manhajar asali tana nan kwance a ƙarƙashin sabon fentin.

Bayan horon farko, abin da ake da shi injin ƙarasa jimla ne, bai san amsa tambaya ba. Sai an nuna masa dubban misalai na tambaya da kyakkyawar amsa, sannan a sa mutane, ko wata manhajar, su riƙa zaɓar wadda ta fi tsakanin amsoshi biyu. A wannan mataki ne ake cusa ɗabi'a, kuma a nan ne gajeriyar hanya ta fi ɓarna. Mafi sauƙi shi ne a ɗauko tarin misalan Turanci, kamar guda 52,000 na Alpaca da Jami'ar Stanford ta fitar a 2023, a juye su zuwa Larabci da inji. Kalmomin za su zama Larabci, amma mutanen da ke ciki sunayen Turawa gare su, bukukuwan na Amurka ne, tambayar haraji da ta gado da ta aure duk a kan dokar Amurka aka amsa, kuma ƙashin jimlar na Turanci ne. Balarabe na jin wannan nan take, kamar yadda Bahaushe ke jin Hausar da aka ɗinka a kan ƙirar wani harshe. Masu AceGPT sun nemi kauce wa haka ta hanyar tattaro tambayoyin da Larabawa da kansu suka yi a dandalin Quora. Wasu masu binciken suka fitar da CIDAR a 2024, misalai 10,000 da mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna mayar da sunaye da wurare da al'adu na gida. Dubu goma ba yawa ba ne, amma kowanne ya bi ta idon ɗan harshe.

Sai dai kalmar "al'adar Larabawa" ita ma tana bukatar a yi mata tambaya. Akwai Kiristocin Labanan da Kibɗawan Masar, Larabci harshensu ne na uwa. Akwai Malikawan Magrib, Shafi'awan Yaman, Hanbalawan Najdu, Ibadawan Oman, 'yan Shi'ar Iraƙi. Akasarin kuɗin wannan aiki daga gwamnatoci uku yake fitowa, Daular Larabawa da Saudiyya da Katar, kuma ba a ɓoye dalilin ba: suna son mallakar fasahar a gida kada su dogara da kamfanonin waje. Daular Larabawa ta naɗa ministan ƙirƙirarriyar basira tun 2017. Wannan zuba jari ya amfani harshen ƙwarai, ban musa ba. Amma wanda ya biya kuɗin horo yana da ta cewa a kan abin da manhajar za ta ɗauka daidai ne, da abin da za ta ƙi taɓawa a siyasa da tarihi. Cire karkatar kamfanonin Amurka a sa ta wata fada guda ba shi ne wakiltar mutum miliyan 400 ba.

A fagen addini abin ya fi tsanani, kuma a nan ya shafe mu kai tsaye, tunda ɗalibanmu na ilimi da Larabci suke yi wa waɗannan manhajoji tambaya. Injin da aka gina don ya samar da magana mai kama da gaskiya zai iya ƙaga hadisi mai daɗin lafazi, ya jingina shi ga Bukhari, ya ba shi lamba. Zai iya haɗa rabin wata aya da rabin wata. Ba da mugun nufi ba, haka ƙirarsa take. Al'ummar da ta gina ilimi guda a kan isnadi, ta yi ƙarnoni tana tantance wa ya ji daga wa, ba za ta karɓi nassi daga mai cinke ba. Maganin da ake bi shi ne a hana manhajar kawo nassi daga kanta: idan tambaya ta shafi aya ko hadisi, sai ta je ta ɗauko daga tantancaccen rumbu ta kawo yadda yake, tare da inda ta samo. Fanar na da irin wannan sashe na musamman don tambayoyin addini. Hanya ce mai kyau, amma rumbun ma zaɓa ake yi. Mus'hafin da ya fi yawa a intanet ruwayar Hafsu ce. A Maroko da Aljeriya da allunan tsangayunmu Warshu ake karantawa, a Libiya Ƙaluna. Manhajar da ba ta san haka ba za ta iya ganin maliki yaumid din ba tare da jan mim ba ta ce kuskure ne, alhali ruwaya ce mutawatira.

Ta yaya ma ake sanin cewa manhaja ta iya? Da jarrabawa. Na ɗan lokaci jarrabawar ma fassara ce: a ɗauko MMLU, wata jarrabawar Turanci ta gwada manhajoji wadda cikin tambayoyinta har da na tarihin Amurka da dokokinta, a mayar Larabci. Wadda ta ci wannan ta nuna ta san Amurka da Larabci ne. A 2024 masu bincike a jami'ar Muhammad bin Zayed da abokan aikinsu suka fitar da ArabicMMLU, tambayoyi 14,575 da aka tattaro daga ainihin jarrabawar makarantu a arewacin Afirka da Sham da ƙasashen Tekun Fasha. A lokacin, manhajoji da dama da aka saki kyauta ba su kai kashi 50 ba, wadda ta fi a cikin waɗanda aka gina don Larabci ta samu kashi 62.3. Ci gaba ne na haƙiƙa. Amma tambayar zaɓi ɗaya cikin huɗu ba ta auna ko manhaja ta iya rubuta ta'aziyyar da za ta sanyaya zuciya, ko ta gane habaici a maganar ɗan Alƙahira, ko ta riƙe ma'aunin baiti a bahrul ɗawil. Waɗannan sai kunnen mutum. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa a bukukuwan ƙaddamarwa ba: manyan manhajojin kamfanonin Amurka, saboda girmansu kawai, sau da yawa kan yi gogayya da na gida a fusha ko ma su wuce su. Saboda haka abin da zai daɗe daga wannan yunƙuri, a nawa hange, ba sunan wata manhaja ba ne, domin kowace kan tsufa cikin shekara ɗaya ko biyu. Tsabtataccen rubutun da aka tara ne, da muryoyin da aka naɗa, da jarrabawar da 'yan harshe suka tsara, waɗanda kowace sabuwar manhaja za ta ci gajiyarsu.

A nan ne taswirar ke nuna inda ta tsaya. Cikin birane 25 na MADAR akwai Khartum, amma babu Injamena, babu Nuwakshot. Larabci harshen hukuma ne a Chadi tare da Faransanci, kuma Larabcin Chadi shi ne harshen kasuwa daga Abeche zuwa bakin Tafkin Chadi, ɗan uwan wanda Shuwa ke yi a Borno. Hassaniyya ta ratsa Muritaniya har zuwa arewacin Mali. Waɗannan ba su da gwamnati mai kuɗin sayen injuna, ba su da tarin rubutu a intanet. Ga kuma Larabcin da malamanmu suka rubuta da tawada: rubuce-rubucen Timbuktu da ke Cibiyar Ahmad Baba da gidajen zuri'o'i, da na malaman Sakkwato da Borno da Kano da ke ajiye a wurare irin Gidan Arewa na Kaduna. Da yawansu ba a taɓa buga su ba. Manhajar da ke mayar da hoton rubutu ya zama haruffa an horar da ita ne da bugun Alƙahira da Bairut. A rubutun Magrib da namu, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare shi a sama. Injin da ya saba da bugun gabas zai ga ƙaf ɗinmu ya karanta shi fa, ya mayar da ƙala, "ya ce", wata kalma daban. Kafin ya daina wannan kuskure, sai wanda ya iya karanta hannun ya zauna da takardun, ya kwafe dubban layuka ɗaya bayan ɗaya, an ajiye kowane layi kusa da hotonsa, sannan a ba injin ya koya. Masu wannan ƙwarewa suna nan a zaurukan Kano da Agadas da Maiduguri, da yawansu sun manyanta, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa nema don wannan aiki.